'Ya'yan Wuta: Tarihin Vanniyar Tsakanin Al'ada da Zaɓin Kai

A ranar 17 ga Satumba, 1987, zirga-zirga ta tsaya cak a arewacin jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Dubban manoma da 'yan ƙwadago suka fito da gatura, suka sassare bishiyoyin gefen hanya, suka gicciya su a kan manyan titunan da suka haɗa birnin Madras da sauran sassan jihar. Mako guda cur aka yi mota ba ta wucewa. Kafin a buɗe hanyoyin, mutum 21 sun rasa rayukansu a arangama da 'yan sanda. Masu wannan bore 'yan al'ummar Vanniyar ne, buƙatarsu kuwa ita ce a ware musu kaso nasu na kansu a guraben karatu da aikin gwamnati. Hujjarsu ita ce haihuwa ta ajiye su a ƙasa tsawon ƙarnoni, kuma bai kamata asalin mutum ya yanke masa abin da zai zama ba.

Shekara 25 bayan haka, a ranar 7 ga Nuwamba, 2012, wani gungun mutane daga wannan al'umma ya afka wa unguwanni uku na 'yan Dalit a yankin Naikkankottai cikin gundumar Dharmapuri, ya cinna wa gidaje fiye da 260 wuta. Musabbabin abin aure ne. Wata budurwa 'yar Vanniyar ta auri saurayi ɗan Dalit ba da yardar iyayenta ba, mahaifinta kuma ya kashe kansa bayan matsin lambar da ya sha daga dangi da dattawan gari.

Waɗannan ranaku biyu sun fito daga yanki ɗaya da al'umma ɗaya, kuma duka biyun an yi su da sunan kare mutunci. A ta farko an ƙi yarda haihuwa ta zama ƙaddara. A ta biyu an nemi tilasta wa mutum biyu su bi abin da haihuwa ta rubuta musu. Tarihin da ya haɗa su yana nuna cewa yawancin abin da Vanniyar ke kira al'ada a yau, kakanninsu ne suka zaɓe shi da gangan, suka yi faɗa a kansa, suka sake masa fasali. Tambayar da ke gaban matasansu ita ce ko 'yancin zaɓin da al'umma ta ƙwato wa kanta a dunƙule zai sauko har ya kai ga ɗa ɗaya ko 'ya ɗaya a cikin gida.

Mutanen da ake kira Palli

Al'ummar Hindu a Indiya ta kasu zuwa dubban rukunoni da ake kira jati. Mutum yana gadon jatinsa daga iyaye, kuma bisa al'ada a cikinsa yake aure. A da can jati ne ke yanke sana'ar mutum, da unguwar da zai zauna, da rijiyar da zai ɗebi ruwa, da wanda zai ci abinci tare da shi. A saman waɗannan dubban rukunoni akwai wani tsohon tsani mai hawa huɗu da littattafan addinin suka tsara: Brahmin masu kula da ibada, Kshatriya sarakuna da mayaƙa, Vaishya 'yan kasuwa, sai Shudra masu hidima. A wajen tsanin gaba ɗaya aka bar waɗanda ake ƙyamar taɓawa, waɗanda a yau suke kiran kansu Dalit.

Vanniyar suna cikin rukunoni mafiya yawan jama'a a Tamil Nadu, kuma ƙarfinsu ya taru ne a arewa, a gundumomi irin su Villupuram, Cuddalore, Tiruvannamalai, Vellore, Salem, Dharmapuri da Krishnagiri, har da yankin Puducherry. A takardun Turawan mulkin mallaka na ƙarni na 19 an fi sanin su da sunan Palli. Akasarinsu ƙananan manoma ne da 'yan ƙwadagon gona, da yawa kuma suna aiki a gonakin manyan masu ƙasa na rukunin Vellalar da Brahmin. A ma'aunin daraja sun ɗara Dalit, amma a ma'aunin aljihu tazarar ba ta da yawa: sau da yawa gona ɗaya suke nomawa, lada kusan ɗaya suke karɓa. Wannan kusanci shi ne tushen abubuwa da dama da suka biyo baya, domin wanda ba shi da dukiyar da za ta bambanta shi da maƙwabcinsa, yakan riƙe bambancin asali da hannu biyu.

Shekara ɗari ana neman suna

Tun a 1833 wasu daga cikin Palli suka nemi hukumomi a Pondicherry, wadda a lokacin ke hannun Faransa, da su daina lissafa su cikin ƙananan rukunoni. Amma abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne ƙidayar jama'a da Birtaniya ta fara a farkon shekarun 1870. Turawa sun ɗauki aikin rubuta jatin kowa da jera rukunoni bisa daraja. Abin da a da ake sasantawa a ƙauye, wanda kuma yakan bambanta daga wannan gunduma zuwa waccan, sai ya zama rubutu a littafin gwamnati. Nan take rukunoni da dama a faɗin Indiya suka fara aika takardun koke suna neman a ɗaga matsayinsu.

Lokacin ƙidayar 1871 wakilan Palli sun roƙi a rubuta su a matsayin Kshatriya. A 1888 suka kafa ƙungiya a Madras mai suna Vanniyakula Kshatriya Maha Sangam, masanansu kuma suka shiga wallafa littattafai don kafa hujja. Sun dogara da kalmar vanni, wadda suka danganta da kalmar Sanskrit mai ma'anar wuta, da kuma wata hikaya da ke cewa kakansu jarumi ne da ya fito a kan doki daga wutar hadayar wani waliyyi mai suna Sambu. Suka kira kansu zuriyar wuta, wasu kuma suka jingina asalinsu ga sarakunan Pallava da suka mulki yankin daga birnin Kanchipuram. Masana tarihi na da ja a kan wannan nasaba, amma ƙoƙarin ya yi nasara a inda aka nufa: zuwa ƙidayar 1931 sunan Palli ya ɓace daga jerin lardin Madras, Vanniya Kula Kshatriya ya maye gurbinsa.

Sabon suna yana zuwa da sababbin ɗabi'u. Maza da yawa suka fara rataya zaren tsarki irin na manyan rukunoni. Masanin zamantakewa M. N. Srinivas ya bayyana irin wannan tafarki da rukunoni da yawa suka bi a Indiya: ƙaramin rukuni yana kwaikwayon na sama a abinci da ibada da dokokin aure, da fatan a tsawon lokaci a karɓe shi a matsayin babba. Nauyin wannan kwaikwayo yakan fi faɗawa a kan mata, domin a tsarin manyan rukunoni ana auna darajar gida da irin takunkumin da ya sa wa matansa: wa za su aura, ko matar da mijinta ya mutu za ta sake aure, ina za su je, da wa za su yi magana.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka rubuta waɗancan takardun koke sun bijire wa al'adar zamaninsu. Al'adar ta ce su Palli ne masu hidima, suka ce ba su yarda ba. Sunan da jikokinsu ke alfahari da shi a yau ya samo asali ne daga ƙin amincewa da abin da aka gada.

Draupadi da garwashi

Akwai kuma wani ɓangare na gadon Vanniyar da ya girmi ƙidayar Turawa. A ƙauyukan arewacin Tamil Nadu, musamman kewayen garin Gingee, ana bauta wa Draupadi, jarumar tsohon labarin Mahabharata, da sunan Draupadi Amman. Masani Alf Hiltebeitel, wanda ya wallafa nazarinsa kan wannan bauta a juzu'i biyu a 1988 da 1991, ya nuna cewa Vanniyar ne ƙashin bayan masu riƙe da wuraren bautarta. Alaƙar a fili take: a labarin, ita ma Draupadi daga wutar hadaya aka haife ta.

Bikinta yakan ɗauki kwanaki da yawa, a wurare da dama har 18, daidai da kwanakin yaƙin da labarin ya ƙunsa. Da rana mai ba da labari yana karanta sassan tarihin yana fassarawa, da dare kuma 'yan wasan dandali da ake kira terukkuttu suna kwaikwayonsa har gari ya waye. Ana gina ƙaton mutum-mutumin ƙasa na Duryodhana, abokin gabar da ya wulaƙanta ta, a kwance a fili, a kwaikwayi faɗuwarsa. A rana ta ƙarshe masu bakance, maza da mata, suna tattaki ba takalmi a kan garwashi. Bikin ne ke dawo da waɗanda suka tafi ci-rani Chennai da Bengaluru da ƙasashen Larabawa, a can ake sabunta zumunci, a can ake ganin 'yan mata da samari, a can ake ƙulla maganar aure.

Ita kanta Draupadi ta labarin mace ce mai baki. Lokacin da mijinta ya sa ta a caca bayan ya riga ya faɗi da kansa, ta tsaya gaban taron dattawa ta nemi a gaya mata ko mutumin da ya rasa 'yancin kansa yana da ikon jinginar da wani. Dattawan suka kasa ba ta amsa. Saboda haka al'adar da ake kafa hujja da ita wajen tsare mata tana ɗauke a tsakiyarta da labarin macen da ta ƙi a mayar da ita kadara.

Periyar, ƙuri'a da kaso

A daidai lokacin da shugabannin Vanniyar ke ƙoƙarin hawa tsani, wani mutum ya tashi a ƙasar Tamil yana kira da a karya tsanin gaba ɗaya. E. V. Ramasamy, wanda aka fi sani da Periyar, ya kafa gwagwarmayar Mutunta Kai a tsakiyar shekarun 1920. A taron da aka yi a Chengalpattu a 1929 aka yanke shawarar jefar da laƙaban jati daga sunaye, shi da kansa ya ajiye nasa. Wannan ne ya sa har yau yawancin Tamilawa ke amfani da harafin farko na sunan mahaifi maimakon sunan dangi. Periyar ya kuma ƙirƙiro wani salon aure da babu limamin Brahmin a cikinsa, babu karatun Sanskrit, sai musayar furanni ko zobe a gaban shaidu, ya kuma ƙarfafa aure tsakanin rukunoni da sake auren matan da suka rasa mazajensu. A 1967 gwamnatin C. N. Annadurai ta jam'iyyar DMK ta gyara dokar auren Hindu a jihar don halatta irin wannan aure.

Vanniyar sun shaƙi wannan iska, amma sun bi nasu tafarkin. Da aka zo zaɓen farko bayan samun 'yancin kai, a 1952, sun gane cewa yawansu jari ne. Jam'iyyu biyu da suka fito daga cikinsu suka tsaya takara a jihar Madras: Tamil Nadu Toilers Party ta S. S. Ramaswamy Padayachi ta ci kujeru 19, Commonweal Party ta M. A. Manickavelu Naicker ta ci 6. Da yake jam'iyyar Congress ba ta sami rinjaye ba, sai waɗannan kujeru suka yi tsada. Manickavelu ya shiga majalisar ministocin C. Rajagopalachari, Padayachi kuma ya shiga ta K. Kamaraj a 1954. Masanan siyasa Lloyd da Susanne Rudolph sun yi amfani da wannan misali a littafinsu na 1967, The Modernity of Tradition, don nuna yadda tsohuwar ƙungiyar jati ta zama hanyar da talaka ya koyi amfani da ƙuri'a.

A nan buƙatar al'umma ta juya. Kakanni sun nemi gwamnati ta rubuta su a sama, jikoki kuma suka nemi ta amince cewa an bar su a baya, domin a sabuwar Indiya wanda aka bari a baya ake ware wa gurabe. A 1980 wani likita daga garin Tindivanam, S. Ramadoss, ya haɗa ƙananan ƙungiyoyi ya kafa Vanniyar Sangam. Ita ce ta shirya toshe hanyoyin 1987. A 1989 gwamnatin M. Karunanidhi ta ƙirƙiro rukunin waɗanda suka fi kowa ci baya, ta ware masa kaso 20 cikin 100 na gurabe, ta sa Vanniyar a ciki tare da wasu ƙananan rukunoni fiye da 100. A watan Yulin shekarar Ramadoss ya kafa jam'iyyar Pattali Makkal Katchi, wato PMK.

Sakamakon ya bayyana a cikin gidaje. 'Ya'yan manoman da ba su taɓa shiga aji ba suka zama injiniyoyi da likitoci da malamai da 'yan sanda. Ɗan da ya sami gurbi ya san cewa jinin mutum 21 ne ya saya masa shi, kuma wannan bashi ne da ba ya cikin takarda. Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa matashi mai ilimi yake jin nauyin saɓa wa danginsa, dole ya sa wannan a lissafi.

A shekarunta na farko PMK ta nemi ta zama gidan dukan talakawa. Ramadoss ya buɗe mutum-mutumin B. R. Ambedkar, jagoran Dalit, a garuruwa da dama. Ministan farko da jam'iyyar ta samu a gwamnatin tarayya a 1998, Dalit Ezhilmalai, ɗan Dalit ne. A shekarun 2000 Ramadoss ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Thol. Thirumavalavan, shugaban jam'iyyar Dalit ta VCK, a kan kare harshen Tamil. Sai dai tun a boren 1987 an ƙona gidajen Dalit a wasu ƙauyuka, alamar cewa ƙawancen shugabanni bai sauka har ƙasa ba.

Inda iyaka ta tsaya

Cikin shekara ɗari Vanniyar sun sauya suna, sun sauya sana'a, da yawa sun ajiye laƙaban Padayachi da Naicker da Gounder daga takardunsu, sun zauna aji ɗaya da ofis ɗaya da kowa. Abu ɗaya ne ya ƙi motsi, shi ne aure. Ba su kaɗai ba ne a wannan: wani babban bincike na ƙasa da aka gudanar a 2011 zuwa 2012 ya gano cewa kusan kaso 5 cikin 100 ne kawai na aure a Indiya ke tsallake iyakar jati.

Dalilan ba na aƙida kaɗai ba ne. A tsarin zumuncin kudancin Indiya ana fifita auren 'yar kawu ko 'yar gwaggo, abin da Bahaushe zai kira auren zumunci, don gona da zinariya su ci gaba da zagayawa cikin dangi. Tun 1989 dokar Tamil Nadu ta bai wa 'ya mace haƙƙi a kadarar gado ta iyali, dokar tarayya kuma ta biyo baya a 2005. Saboda haka 'yar da ta auri bare tana iya fita da rabon gona. Ga kuma lissafin siyasa: ƙarfin jam'iyyar da ta dogara da jati ɗaya yana cikin yawan waɗanda suka ci gaba da ɗaukar kansu 'yan wannan jati. A lokaci guda kuma kwalejoji da masana'antu da wayar hannu sun haɗa matasan da iyayensu ba su taɓa shan ruwa a moɗa ɗaya ba, 'yan Dalit su ma sun yi karatu sun sami aiki, tsohuwar tazarar ta ƙara ƙanƙancewa.

A Yulin 2003, a wani ƙauye kusa da Vriddhachalam cikin gundumar Cuddalore, aka kashe wata 'yar Vanniyar da mijinta ɗan Dalit ta hanyar tilasta musu shan guba. Dukansu sun yi karatun gaba da sakandare. Sai a 2021, bayan shekara 18, kotu ta yanke hukunci a kan mutanen da suka haɗa da mahaifinta da ɗan'uwanta da jami'an 'yan sanda biyu da aka samu da laifin rufa-rufa.

Abin da ya faru a Dharmapuri ya fi girgiza jihar, wani ɓangare saboda tarihin wurin. A shekarun 1970 da 1980 Naikkankottai cibiya ce ta 'yan gwagwarmayar gurguzu, inda talakawan rukunoni daban-daban suka taɓa tsayawa tare a kan masu ƙasa. Bayan ƙone-ƙonen 2012, shari'a ta kai babbar kotun Madras, kuma a tsakiyar 2013 amaryar ta zaɓi komawa wajen mahaifiyarta. A ranar 4 ga Yuli aka tsinci gawar mijin a gefen layin dogo. Hukumar binciken da gwamnati ta naɗa ta ce kashe kansa ya yi, danginsa kuwa ba su gamsu ba. Yarinya mai ƙarancin shekaru ta rasa uba da miji cikin wata takwas, kuma kowane ɓangare ya mayar da ita tuta.

A wannan lokaci Ramadoss ya ɗauki sabon salo. Ya tara shugabannin rukunonin da ba Dalit ba, ya yi zargin cewa samarin Dalit na yaudarar 'yan matan wasu rukunoni da soyayyar ƙarya don neman dukiya, ya kuma nemi a wajabta yardar iyaye ga auren waɗanda ba su kai shekara 21 ba. Jam'iyyun Dalit da na gurguzu da mabiya Periyar sun yi tir da wannan magana. Muhawarar ta shiga har silima: fim ɗin Draupathi na 2020 ya ɗauki wannan zargi ya gina labari a kansa, a 2021 kuma Vanniyar Sangam ta yi barazanar kai ƙarar masu fim ɗin Jai Bhim saboda hoton tukunyar wuta, tambarin ƙungiyar, da ya bayyana a kalandar gidan wani mugun ɗan sanda a cikin fim ɗin. Masu fim ɗin suka canja hoton.

Abin da ake riƙewa da abin da ake saki

A fuskar doka babu ruɗani. Dokar aure ta musamman ta 1954 ta ba kowane baligi damar auren wanda yake so ba tare da la'akari da jati ko addini ba. A 2018, a shari'ar Shakti Vahini, Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar da cewa idan baligai biyu sun amince da juna, babu buƙatar yardar iyali ko dangi ko majalisar dattawa, ta kuma umarci jihohi su kare irin waɗannan ma'aurata. Gwamnatin Tamil Nadu ma tana ba da tallafin kuɗi da zinariya ga masu auren da ya tsallake jati, ƙarƙashin wani shiri mai ɗauke da sunan Dokta Muthulakshmi Reddy.

Amma doka ba ta zuwa biki, ba ta ɗaukar gawa, ba ta ba da rance ranar da amfanin gona ya lalace. Dangi ne ke yin waɗannan. Wanda ya saɓa musu yana iya rasa gayyatar aure da jana'iza, ƙannensa mata su rasa manema, iyayensa su rasa masu gaisuwa a kasuwa. Shi ya sa sauyin da ake gani ya fi zuwa a hankali, ta hanyar rarrabe abin da ke cikin kunshin al'ada. Ana iya komawa gida don bikin Draupadi, a ba da gudummawar kuɗin makarantar ɗan dangi, a girmama waɗanda suka mutu a 1987, ba tare da an yarda cewa taɓa wani ɗan Adam na ɓata tsarki ba. A gidaje da yawa 'ya mace tana gama digiri kafin a yi maganar aure, ana tambayar ra'ayinta, tana iya cewa a'a, ko da kuwa da'irar da ake zaɓa daga ciki ba ta faɗaɗa ba. Mafi yawan Vanniyar ba su ƙona gidan kowa ba, kuma a cikinsu akwai 'yan DMK da 'yan gurguzu da mabiya Periyar da ke adawa da siyasar jati a fili.

Duk da haka iyakar na nan, kuma tana bayyana har a wurin ibada. A watan Yunin 2023 hukumomi suka rufe wurin bautar Draupadi Amman na ƙauyen Melpathi a gundumar Villupuram, bayan Vanniyar na garin sun ƙi barin 'yan Dalit su shiga. Sai da kotu ta sa baki kafin a sake buɗe shi. A 2024 kwamitin tsohon alƙali K. Chandru ya shawarci gwamnatin jihar da ta hana ɗalibai ɗaura zaren hannu masu launi da ke nuna jatinsu a makarantu, shaidar cewa tsarar da aka haifa bayan 1989 ma ta gaji alamomin.

Gwagwarmayar kaso ita ma ba ta ƙare ba. A Fabrairun 2021 gwamnatin Edappadi Palaniswami ta ware wa Vanniyar kaɗai kaso 10.5 daga cikin kaso 20 ɗin nan. Babbar kotun Madras ta soke dokar a Nuwamban shekarar, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar a ranar 31 ga Maris, 2022, tana mai cewa babu isassun alƙaluman zamani da suka nuna cewa sun fi sauran abokan rukuninsu ci baya. Hujjar da lauyoyin al'ummar ke kai wa kotu har yau ita ce ta 1987: an zalunce su saboda asali, kuma tsarin mulki ya yi alkawarin daidaito.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ƙarfinta ne ya sa ba za a iya tsayar da ita a bakin ƙofar gida ba. Wanda ya rubuta koke a 1871 ya ƙi sunan da aka ba shi. Wanda ya kaɗa ƙuri'a a 1952 ya ƙi bin ubangidan gonarsa. Wanda ya sare bishiya a 1987 ya ƙi matsayin da aka ajiye shi. Budurwar da ta zaɓi mijinta, da saurayin da ya ci abinci a gidan abokinsa ɗan Dalit, suna kan wannan layi ne, ko da dattawansu ba su gan su a kai ba. Abin da ya rage ga al'ummar shi ne ta yanke ko za ta ɗauke su a matsayin magadan wancan tarihi ko masu cin amanarsa, kuma rayukan mutane ne ke rataye da amsar, kamar yadda Cuddalore da Dharmapuri suka nuna.